Kafin a zuba kwalta, a tambayi ruwa inda za shi

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na 2024, ruwan sama milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Garin da ke samun wajen milimita 500 a damina guda, sai ga shi ya karɓi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kafin tukunyar wake ta nuna. Mutum 15 aka fara ba da sanarwar rasuwarsu, Allah ya jiƙansu da rahama. Kwanaki kaɗan kafin nan, ruwa ya hau hanyoyin shiga Yamai, motocin dakon mai da suka taso daga matatar Damagaram suka yi cirko-cirko a bayan gari, mutane na tsallakawa da kwalekwale a inda jiya suke wucewa da mota. Ranar 3 ga Satumba kuma tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150, ya kwanta. Da aka rufe lissafin daminar, an rasa rayuka kusan 400 a faɗin ƙasa, mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Ruwa na Allah ne, babu mai hana shi sauka, kuma mu mutanen Sahel mun fi kowa sanin abin da rashinsa ke nufi. Amma duk wanda ya kalli hotunan da aka yi ta yawo da su a waya a wancan lokaci, in ya lura zai ga abu guda: ruwan ba ya tafiya barkatai. Titi yake bi. Inda muka shata wa mota da kabu-kabu, nan ya mayar gulbinsa. Wannan ne ya sa na daɗe ina ganin cewa a garuruwanmu kowane titi magudanar ruwa ne, ko an shirya shi don haka ko ba a shirya ba. Wanda aka shirya, sai ya kai ruwan inda ba zai yi ɓarna ba. Wanda ba a shirya ba, sai ya kai shi ɗakin mutane.

Mu Maraɗawa bai kamata a koya mana wannan darasi sau biyu ba, domin garinmu kansa ambaliya ce ta dasa shi inda yake. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, bakin gulbi. A 1945 gulbin ya cika ya ci garin, aka kwashe mutane aka hau da su tudu, aka shata sababbin unguwanni da tituna masu faɗi, miƙaƙƙu. Kakata, Allah ya kai haske kabarinta, tana yarinya aka yi wannan ƙaura, kuma har ta tsufa in ta tashi ba da labarin wani abu sai ta ce ko kafin hawa tudu ne ko bayan hawa tudu. A wurinta an rabu da ruwa ke nan, tunda an bar masa kwarinsa.

An kuwa rabu da ruwan gulbi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina ya ratso ta Jibiya da Madarunfa. Wanda ba a rabu da shi ba shi ne ruwan da ke sauka a kan tudun kansa. Garin a karkace yake, daga gabas yana gangarawa yamma zuwa fadama, kuma duk ɗigon da ya faɗi a unguwannin sama sai ya nemi hanyar sauka. Lokacin da garin yake ƙarami, gabas duk gonaki ne da jigawa, yashi ya shanye mafi yawan ruwan tun bai yi nisa ba. Yau gonakin nan sun zama gidaje. Miƙaƙƙun titunan da ke gangarawa su ne suka zama hanyarsa, yana tafiya yana ƙara gudu, yana kwasar yashi, har ya isa gefen tudu ya yanka kwazazzabo. Wanda ya san bakin gangaren nan shekara 30 da suka wuce ya san akwai wuraren da gidaje suke a da, yanzu rami ne mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so mai karatu ya yi da kansa. Milimita ɗaya ta ruwan sama tana nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Gida mai murabba'in mita 300, irin filayen da ake yankawa a sababbin unguwanni, in ruwan milimita 150 ya sauka a kansa, ya karɓi lita 45,000. Bidon 1,800 ke nan na lita 25, irin wanda ƴan ga-ruwa ke turawa. A gidan da na tashi, tsakar gida yashi ce, akwai bedi a tsakiya, akwai kududdufi a bayan unguwa inda aka haƙi ƙasar gini. Wani kaso na ruwan ya nutse a tsakar gida, wani ya tafi kududdufi, abin da ya rage ne ke fita titi. Gidan yau rufin kwano ne, tsakar gida an shafe ta da siminti har bakin ƙofa, an saka bututu ya huda katanga ya fita waje. Kusan duk bidon 1,800 ɗin nan a titi suke ƙarewa, cikin mintoci. A ninka da gidaje 200 na layi guda da rassansa, sai a gane dalilin da ya sa titin unguwa ke iya ɗaukar mota ya jefa ta rami.

Kududdufan kuma mun cike su. Gaskiya ne sun zama juji da gidan sauro, kuma yara sun sha nutsewa a cikinsu, babu mai kewar wannan. Sai dai da aka cike su da shara aka yanka aka sayar, ba a tanadi wani wuri da zai karɓi ruwan da suke karɓa ba. Ruwan bai san an sayar da filin ba. Duk damina yana komawa can, ya tarar da ɗakin wani bawan Allah wanda bai sayi wurin ba sai don shi ne mai araha.

A layinmu na ga yadda titi mai kyau ke zama masifa. Shekarun baya aka zo aka zuba mana kwalta, muka yi murna, har da masu yanka kaji. Masu aikin suka yi ciko da jar ƙasa, suka daddaɓe, suka ɗora kwalta a sama, titin ya tashi ya fi dokin ƙofar gidajenmu tsawo da kusan kamu biyu. Magudana gefe ɗaya kawai aka yi, ita ma ba ta kai ƙarshen layin ba, sai ta tsaya a gaban shagon wani tela kamar an katse zance. Wani dattijo maƙwabcinmu, magini ne da ya yi shekara 40 yana aiki, ya je ya sami shugaban masu aikin ya ce masa: "Ɗana, wannan ruwan in ya zo nan, ina za shi?" Aka ce masa abin da ke cikin takarda ke nan. Daminar farko ta ba shi amsa. Ruwan da a da yake bin tsakiyar layi ya wuce, yanzu ya tarar da tudu a tsakiya, sai ya rabu biyu ya bi ƙofofin gidaje.

Abin da ya biyo baya ya fi ruwan ciwo. Mai hali ya sayi siminti ya ɗaga ƙofarsa, ya gina dakali. Ruwan ya karkata gidan na kusa da shi. Shi ma ya jera buhunan yashi, ruwan ya ƙara gaba. Haka aka yi ta tura shi har ya isa gidan wata gwauruwa a ƙarshen layi, mai ginin ƙasa, wadda ba ta da kuɗin buhu ko ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwon sunan juna suka daina gaisawa, magana ta kai gaban mai unguwa. Kowa yana ganin laifin maƙwabcinsa, alhali laifin tun ranar da aka auna tsayin titin aka yi shi.

Wannan ba labarin layinmu kaɗai ba ne, kuma dalilinsa a fili yake. Masu yanka filaye daban, masu yin hanya daban, masu kula da tsabta da magudanai daban, kowa da kasafinsa da lokacinsa. Ana fara yanka fili a sayar, mutane su yi gini, bayan shekara goma a zo da titi, bayan wasu shekarun a tuna da magudana. Ya kamata a ce da ruwa aka fara, tunda shi kaɗai ne cikin ukun ba ya jin rarrashi. In kuɗin aiki suka gaza kuma, magudana ake fara yankewa, domin ranar buɗe titi kwalta ake gani. Bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha-jiha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, sun kawo wa garuruwanmu tituna da fitilu da ba mu da su a da, kuma ba zan raina wannan ba. Amma aikin da ake yi da gaggawa don a cim ma ranar biki, a tsakiyar rani ake duba shi a karɓa. Mai jarraba titi na gaskiya sai Agusta yake zuwa.

Ko inda aka yi magudanar, akwai abin da ya bambanta mu da ƙasashen da aka kwaikwayo tsarin daga wurinsu. Ruwanmu ba ya tafiya shi kaɗai, da yashi yake tafe. Magudana mai zurfi, ƙuntatacciya, wadda aka rufe da falankin siminti, ruwa biyu ya ishe ta cika da yashi. A ƙara da leda, wadda doka ta hana tun 2014 amma har yau a cikinta ake ƙulla mana komi, daga gishiri har koko. Kafin a ɗaga falankin nan a yashe sai an sami kuɗi da ma'aikata, kuma sau da yawa abin da aka yaso a bakin magudanar ake tara shi, ruwa na gaba ya mayar da shi ciki.

Shi ya sa nake ganin ƙimar titunan nan da ake shimfiɗa wa tubalan siminti, waɗanda muke kira pabe, da ake gani a Tawa da Maraɗi da Damagaram da wasu unguwannin Yamai. In an yi shi yadda ya kamata, titin ƙasa yake da ƙofofin gidaje, gefunansa a ɗage, shi kansa kamar faffaɗan kwami. In ruwa ya sauko, titin gaba ɗaya ne magudanar, ruwan ya baje a faɗinsa maimakon ya matsu a rami. Bayan awa ɗaya ya janye, a ci gaba da wucewa. Yashin da ya bari a fili yake, tsintsiya da shebur sun isa. In bututun famfo ya fashe a ƙasa, a cire tubalan a gyara a mayar. Ga shi a nan gida ake buga su, matasan unguwa ne ke jerawa. Sharaɗinsa guda ne: a san inda zai zubar da ruwan, a kuma ɗaure wurin da dutse da kankare. Titin da ya tattara ruwan unguwa uku ya sake shi a kan yashi a gefen tudu, kwazazzabo yake haƙawa.

A manyan hanyoyi ma maganar ɗaya ce. Hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Diffa, ita ce jijiyar ƙasar nan. Hatsi, albasa, man fetur, marar lafiyar da aka tura babban asibiti, duk a kanta suke. Hanya irin wannan da aka ɗaga a kan ciko, ta ratsa kwari, madatsar ruwa ce ko ba a kira ta haka ba. In ƙofar da aka bar wa ruwa a ƙarƙashinta ta yi ƙanƙanta, ko itace da yashi suka toshe ta, ruwan zai taru a baya har ya haura, ya ci cikon, ya yanke hanyar. Manyan hanyoyinmu da yawa an shimfiɗa su ne a shekarun 1970 da 1980, shekarun fari, kuma ƙasar da suka ratsa ta sauya tun daga lokacin. Daji ya ragu, wurare da yawa sun zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa, gudu yake. Masana sun daɗe da lura cewa a Sahel ruwan da ke kwarara cikin koramu ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama bai ƙaru ba. Yanzu kuma ga ruwan saman kansa yana zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Gadar da aka auna da ruwan jiya ba za ta ɗauki na yau ba.

Yamai ta ga wannan a kogin Kwara. Cikar da aka saba da ita a da ita ce mai zuwa da sanyi, daga ruwan da ya sauka a Gine. Yau wadda ake tsoro ita ce jar cika ta Agusta da Satumba, wadda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa, ja wur da ƙasar da suka kankaro. A Satumban 2020 ta kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ta fasa katangar kariya ta Lamorde. Wato abin da ke faruwa a gonakin da ke nesa da birni shi ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar birni.

Dabarar tare ruwa tun daga sama kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Keita, cikin Adar, tun 1984 aka fara aikin jera duwatsu a gangare, da haƙa ramuka, da dasa itatuwa, da gina ƙananan madatsai a cikin koramu, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka. Manoman jihar Maraɗi su ne suka nuna wa duniya sassaben zamani, inda ake barin tohon itace a gona ya girma. Tassa da rabin wata duk manomi ya san su. Abin mamaki, ilimin da muke amfani da shi a gona don ruwa ya tsaya ya nutse, da mun shigo gari sai mu ajiye shi a ƙofa, mu koma neman yadda ruwa zai gudu da sauri. Me zai hana gefen manyan titunanmu ya zama ƙasa-ƙasa, da itatuwa a ciki, ruwan titi ya riƙa shiga yana shayar da su? Me zai hana filin ƙwallon unguwa a yi shi a ɗan kwari, ya riƙe ruwa kwana ɗaya ko biyu a shekara, sauran kwanakin yara su yi wasansu?

Damagaram ce ta fi ba ni tausayi a wannan fanni. Gari ne a kan dutse, wanda ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga can suka mayar Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo masa ruwan sha, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma duk bazara mata da yara na kwana a layin famfo. Garin nan dai shi ne damina ke rusa wa gidaje. Wata uku ana kuka da yawan ruwa, wata tara ana kuka da rashinsa. Tabkunan cikin garin, in an yashe su, aka kewaye su, aka hana zuba shara, aka haɗa su da titunan da za su kai musu ruwa, za su rage ambaliya, su kuma ba masu lambu da magina da masu dabbobi ruwan da ba sai an ɗebo daga famfo ba.

Wani zai ce wannan duk maganar masu kuɗi ce. To, ko masu kuɗin sun gano cewa rami a ƙarƙashin ƙasa ba ya isa. Ranar 2 ga Yulin 2011, ruwa kusan irin na Maraɗi, wajen milimita 150 cikin awa biyu, ya sauka a Kofanhagan, babban birnin Danmak, ya shanye musu tituna da ƙarƙashin gidaje. Da suka zauna lissafi sai suka ga faɗaɗa bututun ƙasa kaɗai ya fi ƙarfin aljihunsu. Tsarin da suka fito da shi a 2012 ya haɗa da sake fasalin wasu tituna don su ɗauki ruwa a samansu, da mayar da filayen shaƙatawa wuraren da ruwa zai tsaya na ɗan lokaci. In ka cire sunan garin, pabe ne da kududdufi.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba ma kashe kuɗi. Muna kashewa, sai dai bayan ɓarna. Titin da aka yi bana a sake shi bayan shekara uku, buhunan shinkafa da tabarmi da ake raba wa waɗanda ke kwana a azuzuwan makaranta, gadar da ake gyarawa da gaggawa da tsada, duk kuɗi ne. Talaka ma yana biya, nasa ne ma ba ya shiga lissafi: ɗan kabu-kabun da ya kwana uku bai fita ba, mai tebur da ruwa ya tafi da kayanta, mai naƙudar da aka ɗauka a amalanke saboda mota ba ta iya shiga layin, da zazzaɓin da ke biyo bayan kowane ruwan da ya kwanta. Akwai kuma kuɗin da ake samowa musamman don wannan aiki, kamar shirin PIDUREM da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022. Abin da ya rage shi ne a kashe su a kan tsari guda, kada titi ya riga magudana, kada magudana ta tsaya a gaban shagon tela.

Abin da nake roƙo ga hukumomin garuruwanmu ba shi da yawa. Kafin a yanka sabon fili, a fita da damina a ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, a shata wuraren nan a hana sayar da su ko ga wa. Tsofaffin unguwa da magina sun san su ba sai da na'ura ba, a tambaye su. Kada a ɗaga titin cikin unguwa ya fi ƙofofin gidaje. Kada a karɓi aikin hanya daga hannun ɗan kwangila a biya shi duka sai damina ɗaya ta bi ta kai. A yashe magudanai a watan Mayu, a kwashe abin da aka yaso a ranar.

Mu ma da namu. Mai ginin sabon gida ya bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, ya dasa itace, in da hali ya tara ruwan rufinsa a tano ko a rijiyar siminti, ko ba komi ya huta da sayen na wanki. A daina jiran hadari ya haɗu a fito da shara a zuba a titi don ruwa ya tafi da ita, domin ba ta wuce gidan na ƙasa da kai. In kuma aka zo yin titi a layinku, ku fito tun ranar da aka kafa sandunan awo, ku yi tambayar da dattijon nan magini ya yi, ku yi ta da yawa, ku je da mai unguwa, kada ku tashi sai an nuna muku da yatsa inda ruwan zai bi har ya fita gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin damina da rani ake yin sa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin da ke cikinta.